Ku Tambayi Makanike: Jijjiga da Gurnani a Tsohuwar Motar Dizal

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo yawancinsu kuka ɗaya suke yi: mota tana jijjiga ko tana gurnani, an kai ta wajen makanike, an canja abu biyu ko uku, kuɗi sun tafi amma ƙarar tana nan daram. Mun zaɓi biyar daga ciki, makanikanmu na Magazin, unguwar garejoji da ke Suame a Kumasi, suka amsa.

TAMBAYA: Ina da Mercedes 250D ƙirar W124 mai giyar hannu. Da zarar na wuce kilomita 70 a awa a hanyar Ejisu sai wani gurnani ya taso daga ƙarƙashi kamar injin niƙa yana aiki a can nesa, kujera kuma ta riƙa ɗan kaɗawa. Na sa an yi balansin tayoyi huɗu, na canja shokozoba na gaba, babu abin da ya ragu. Yanzu an ce mini giyabos ne, wai in je in nemo na hannu. Daga wani Alhaji a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Alhaji, ka dakata da sayen giyabos. Ba kasafai yake kawo irin wannan gurnani ba, kuma akwai gwajin da ba zai ci maka ko sidi ɗaya ba wanda ya kamata a fara yi kafin a taɓa sifana.

Abubuwan da ke juyawa a motarka kashi uku ne, kowane da saurinsa. Akwai inji da abin da ke manne da shi. Akwai farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil ɗin baya. Sai tayoyi da boris ɗinsu. Aikin farko shi ne gano wanne daga cikin ukun ƙarar take bi.

Ka samu miƙaƙƙiyar hanya mai kyan kwalta lokacin da babu cunkoso. Ka kai motar daidai gudun da gurnanin ya fi ƙarfi, sai ka taka kuloci ka mai da giya firi, ka bar inji ya sauko sulo, wato juyin da yake yi in ba a taka totur ba, motar tana gangarawa da kanta. Kada ka kashe injin, domin ƙarfin birki da na sitiyari duk a jikinsa suke. Idan gurnanin ya ɓace nan take alhali gudun bai ragu ba, to daga inji ne, ko salansa, ko kujerun inji. Idan ya ci gaba har sai da gudu ya sauka, inji ya fita daga zargi. Ka kuma gwada gudu ɗaya a giya ta huɗu da ta biyar. Ƙarar da ta canja da canjin giya tana bin inji, wadda ba ta canja ba tana bin hanya.

Daga bayaninka muna zaton tana bin hanya, to saura a raba tsakanin taya da farfela. Nan jikinka ne zai gaya maka. A gudun kilomita 100, taya mai girman 195/65 R15 tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa, shi ya sa matsalarta takan zo a matsayin girgiza da ido ke gani, sitiyari yana rawa ko kujerar gefe tana kaɗawa. Ita farfela tana juyawa ninki uku zuwa huɗu na taya, saboda haka tata ba girgiza ba ce sosai, tsuma ce mai laushi da kake ji a tafin ƙafa da ƙasan kujera, da gurnani mai cika kunne, madubin tsakiya kuma ya daina nuna hoto sarai.

Kafin ka bar hanya ka ƙara gwaji ɗaya. A gudun kilomita 60 zuwa 70, ka ɗan karkata motar hagu sannan dama a hankali, ba fizga ba. In ka karkata hagu nauyin mota yana komawa dama. Gurnanin da ya ƙaru a lokacin ya kuma lafa da ka koma ɗaya gefen, yawanci boris ɗin ƙafar dama ne. Wannan gwaji yana nuna hanya ne kawai, tabbaci sai an ɗaga mota a jak, an dafa hannu ɗaya a kan sifirin, an juya taya da ɗayan. Boris ɗin da ya ci za ka ji gargajensa yana ratsa sifirin zuwa tafin hannu, ko da kunne bai ji komai ba. Na gaba a wannan mota ana wanke shi, a sa giris, a daidaita shi, kuma wasan da kamfani ya yarda da shi 0.01 zuwa 0.02 na milimita ne kacal. Masu ɗaure notin tamau da sunan kashe wasa su ne ke ƙona boris cikin ƴan watanni. Na baya kuwa da injin matsi ake cire shi a sa sabo. In aka buga shi da guduma ya riga ya lalace tun kafin mota ta bar gareji.

Idan karkatawa ba ta canja komai ba, a shiga rami a duba farfela, kuma mu a nan muka fi sa ido a motarka. Farfelar W124 gida biyu ce. A bakinta na gaba da na baya akwai faifan roba mai kauri, a tsakiya kuma akwai senta boris da ke rataye cikin zoben roba, kusa da kuros guda ɗaya, wato gaɓar ƙarfe mai siffar gicciye da ke barin sandar ta lanƙwasa. A haska faifan da tocila. In an ga tsaga a gefen ramukan kusoshi, ko zare ya fara leƙowa daga cikin robar, ya gama aiki, kuma wannan ba abin jinkiri ba ne, domin in ya tsinke ana cikin gudu farfela na iya fasa ƙasan mota. A kama sandar kusa da tsakiya a tura ta sama da ƙasa. Ɗan motsi kaɗan daidai ne, amma in tana lilo har tana bugun ƙarfe, robar senta boris ta yage. Alamar wannan a hanya ita ce bugu-bugu a ƙarƙashin kujera lokacin tashi daga tsaye, daga baya gurnani ya biyo.

Akwai kurakurai uku da muke yawan gani a wannan aiki. Na farko, a raba farfela gida biyu ba tare da an sa alama ba. A haɗe aka yi mata balansi a kamfani, in aka mai da ita haƙori ɗaya ya goce, jijjigar da za ta biyo baya ta fi ta farko. Fenti ko alli ya isa, a ja layi a kan gidajen biyu kafin a zare. Na biyu, a ɗaure kusoshin senta boris mota tana rataye. Sai an sauke ta a kan tayoyinta, an tura ta gaba da baya, sannan a ɗaure. Na uku, a manta da kujerar giyabos. In robarta ta zauna, wutsiyar giyabos tana sauka, farfela ta daina tafiya a miƙe, sabon faifan da ka saya ya sake tsagewa. Idan an sauke sandar, a lanƙwasa kuros da hannu ta kowane ɓangare. In yana sarƙewa a wuri ɗaya, shi ne mai laifin. A wannan mota a matse yake tun daga kamfani, ba a yi shi don a riƙa canjawa ba, don haka ya fi sauƙi a nemo farfela cikakkiya mai lafiya, a gwada kuros ɗinta da hannu a shagon kafin a biya.

TAMBAYA: Motata Mercedes 190D ce, da ita nake kai kaya kasuwa. A kan hanya lafiya lau take, amma in na tsaya a cunkoson Sofoline sai duk jikinta ya kama rawa, har makullai suna ƙara. Yaron gareji ya ɗan ƙara mata sulo ta yi dama-dama, yanzu abin ya dawo. Daga wata Hajiya a Asawase.

AMSA: Hajiya, ƙara sulo ɓoye ciwo ne, ga shi kuma yana ƙara miki shan mai. A mai da shi inda yake, wajen juyi 750 a minti in inji ya yi zafi, sannan a nemi dalili.

Injin 190D na yau da kullum silinda huɗu ne, kuma dizal mai silinda huɗu dole ya yi tsuma. A sulo yana tashin wuta sau 25 a kowace daƙiƙa. Abin da ke hana wannan isa jikin mota shi ne kujerun inji guda biyu, waɗanda a 190D da W124 roba ce mai ruwa a ciki. Da tsufa da zafi ruwan yana tsiyayewa, robar ta zauna, inji ya koma kusan ƙarfe a kan ƙarfe. Ki sa a buɗe bonet inji yana aiki. In sautinsa yana tafiya daidai babu tuntuɓe amma mota na rawa, kujeru ne. Tabbatarwa ba wuya: a sa faffaɗan katako a kan jak, a tallafi ƙasan inji a ɗaga shi kaɗan, gwargwadon yadda nauyi zai sauka daga kan kujerun. In rawar ta lafa, an gama bincike. A canja biyun tare, da ta giyabos. A nan ba ma ba da shawarar na hannu, don wanda aka ciro daga tsohuwar mota shekarunsa ɗaya da wanda ya mutu a taki.

In kuwa injin da kansa ne ke tuntuɓe yana jefa kai gefe, to akwai silindar da ba ta aiki daidai da ƴan'uwanta. Makanike zai sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, ya rufe wurin da tsumma. Silinda mai lafiya in aka hana ta mai sai inji ya ƙara rikicewa. Wadda aka sassauta babu abin da ya canja, ita ce mai matsala. Kada kowa ya kai yatsa bakin bututun, man da ke fita da irin wannan ƙarfi yana huda fata. Daga nan a musanya wannan nozul da na wata silinda. In matsalar ta bi shi, a kai duka huɗun wajen masu gwajin nozul. A injin da ba shi da turbo, sabon nozul yana buɗewa ne in matsin mai ya kai wajen bar 115 (bar ma'aunin matsi ne), kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne huɗun su zo kusa da juna, su yi feshi, ba ɗiga ba. Wajen mayarwa a sa sabon wosha na kare zafi a ƙarƙashin kowanne, tsohon ba ya sake kamawa. In matsalar ta tsaya a silindar duk da musanyar, a auna matsin silindojin. Bambancin da ya wuce bar 3 tsakaninsu yana nufin bawul ko ringi.

Kafin a kai ga wannan duka, a dubi bututun mai masu haske da ke kusa da filta. In ana ganin kumfa na wucewa, iska ce ke shiga ta tsofaffin zobban roba, kuma ita kaɗai tana sa inji rawa. Gyaranta ba tsada. Akwai kuma ƙaramin shokozoba a jikin abin da ke ɗame fambel, in bushin ɗinsa ya ci yakan yi ƙwas-ƙwas a sulo har a zaci inji ne ya lalace. A danna shi da sanda, in ƙarar ta tsaya shi ne. Rawar da ke zuwa da sassafe kawai lokacin hunturu, da farin hayaƙi, ta wuce bayan minti ɗaya ko biyu, wannan hita ce, wato abin da ke ɗumama silinda kafin a tayar da inji, ɗaya ko biyu ta mutu.

Ga masu tsohuwar W123, wato 240D da 300D: naku injin bawul ɗinsa da hannu ake daidaitawa, kusan kowane kilomita 20,000. Inji a sanyi, na shigar iska milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.30 a wanda ba shi da turbo. Da yawa daga cikin masu rawar sulo bawul ne ya matse, ba wani abu ba.

TAMBAYA: Sprinter CDI nake ja tsakanin Kumasi da Techiman. In tana sulo akwai ƙara kwaram-kwaram daga wajen giyabos, in na taka kuloci sai ta ragu. In na kashe ta kuma sai ta yi wani bugu. Tashi da lodi sai ta yi ta tsalle. Daga wani direba a Sawaba.

AMSA: Malam direba, alamu ukun da ka lissafa duk suna nuna filawul, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke tsakanin inji da kuloci. Na waɗannan motoci gida biyu ne da sifirin a tsakani, aikinsa shanye bugun inji kafin ya isa giyabos. In sifirin ɗin sun gaji, gidajen biyu sai su riƙa dukan juna, abin da kake ji ke nan a sulo da lokacin kashewa. In an sauke giyabos a dubi ko giris ya fantsama daga cikinsa, ko fuskarsa ta yi shuɗi saboda zafi, ko gidan waje yana juyawa sakaka da hannu. A dubi kuma silin bayan inji, don baƙin mai in ya zubo kan faifan kuloci shi ma yana kawo tsalle wajen tashi. Tunda an riga an sauke, a canja filawul da kuloci da boris ɗinsa lokaci ɗaya, kada ka biya kuɗin aiki sau biyu.

Sai dai kada a ɗaura sabo kafin a gwada nozul. Silindar da ke tuntuɓe ita ce ke kashe filawul, in ba a gyara ta ba sabon ma ba zai daɗe ba. Muna jan kunne sosai a nan: gwajin sassauta bututu da muka faɗa wa Hajiya ba a yin sa a injin CDI. Matsin mai a cikinsa yana wuce bar 1,300. Nasa gwajin shi ne a sa wa kowane nozul ƙaramar kwalba a bakin bututun da ke mai da rarar mai, a bar inji ya yi ƴan mintoci. Wanda kwalbarsa ta cika fiye da saura nesa ba kusa ba, shi ne ya gaji. In kuma kana jin cif-cif daga saman inji, da warin hayaƙi a cikin mota, da baƙin abu mai tauri da ya daskare kewaye da nozul, woshan tagulla ne ya saki. A gyara shi da wuri da sabon wosha da sabuwar kusa, don in aka bar shi ya daskare, fitar da nozul ɗin kan zama babban aiki.

Wata al'ada kuma da muke roƙon direbobi su bari ita ce hawan tudu da cikakken lodi a babbar giya, inji yana nishi a ƙasa-ƙasa, wai don tsimin mai. Ɗan man da aka rage ba zai sayi filawul ba. Ka sauko giya ɗaya.

TAMBAYA: Na sayi tayoyi biyu na hannu na sa wa Hilux ɗina a gaba. Tun daga ranar sitiyari ke rawa a kilomita 90, a hankali kuma motar tana ɗan rangaji. Daga wani ɗalibi a Madina, Accra.

AMSA: Ƙanenmu, rawar sitiyari tsakanin kilomita 80 da 110 yawanci rashin balansi ne, amma rangajin da kake ji a gudun 20 zuwa 40 ba balansi ke kawo shi ba. Wayar cikin taya ce ta rabu, ko kuma rim ya lanƙwashe a rami. Ka ɗaga ƙafar, ka ajiye bulo dab da tayar, ka juya ta a hankali kana kallon tazarar da ke tsakaninsu. In ta matso ta ja baya, ko ka ga kumburi a tafinta, babu darmar da za ta gyara ta, ka mayar wa mai ita tun ba ta fashe maka a hanyar Tema ba. Ka shafa tafin da hannu kuma. In ka ji tudu da kwari a jere, ta yi zama a motar da shokozobanta ya mutu, kuma irin wannan taya tana gurnani har a ɗora wa boris laifi. Ka mai da su baya, na baya su dawo gaba, in ƙarar ta koma baya ka san daga ina take.

Nan gaba in za ka saya a Abossey Okai ko wani wuri, ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Zanen taya na iya zama da kauri alhali robar ta tsufa ta bushe. Da damina kuma ka leƙa cikin rim, busasshen laka da ya manne a gefe ɗaya ya isa ya ɓata balansi.

TAMBAYA: Urvan ɗina tana kuka wuuu daga baya in na taka totur, in na ɗaga ƙafa sai ta yi shiru. In na taka birki a gangara kuma feda tana bugun ƙafata. Daga wani mai bas a Nima.

AMSA: Malam, matsala biyu ce daban. Kukan da ke zuwa da taka totur ya tafi da ɗaga ƙafa daga aksil ɗin baya yake. A fara da mai. A kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, don kada a zubar da tsohon sannan a tarar na sama ya ƙi buɗuwa. Man ya kamata ya kai bakin ramin. A dubi abin da ya fito: laushin toka a jikin maganaɗisun noti ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli na nufin haƙora ko boris sun fara ci. A zuba man giya 80W-90 ko 85W-90 mai lambar GL-5, ba baƙin man inji ba. A girgiza bakin da farfela ke ɗaure a jikin aksil, bai kamata ya yi wasa sama da ƙasa ba ko kaɗan. Tunda ana ƙarƙashin, a dubi kuros ɗin farfela. Jan ƙura mai kama da tsatsa a gefen kofunansa alama ce ya bushe, in yana da bakin giris a ba shi, in ya riga ya yi wasa a canja.

Bugun feda kuwa faifan birki ne ya daina zama daidai, wani wuri ya fi wani kauri. Yakan faru in kalifa, wato abin da ke matse faifan in an taka birki, ta maƙale tana goga kullum, ko an watsa wa faifai ruwan sanyi a wurin wanki yana da zafi, ko an ɗaura shi a kan tsatsa. Bayan ƴar tafiya ka kai bayan hannu kusa da kowane wili ba tare da ka taɓa ba, wanda ya fi saura zafi can kalifa ta kama. Ana iya fere faifan in bai kai ƙarancin kaurin da aka buga a gefensa ba, in ya kai sai sabo, kuma biyun gaba tare. Wajen mayarwa a kankare tsatsar mazaunin har ƙarfe ya fito, a sa sababbin fad, a ɗaure notocin wili a gicciye, ɗaya sannan na daura da shi, da sifanar awo maimakon bututun da yara ke hawa su taka.